Yadda na yi ankon biki a Sikotlan ba tare da na ɗaura kilti ba

Duk ɗan uwan da karatu ko aiki ya zaunar a Sikotlan, ko ba jima ko ba daɗe sai maganar kilti ta taso masa, wato zanen ulu mai tattara da mazansu ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa a matsayin shigar gargajiya. Ko dai a bikin yaye ɗalibai, ko a liyafar Daren Burns da suke yi kowace 25 ga Janairu don tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, ko a auren wani abokin aiki. Ni ta hanyar aure ta zo mini. Wani Bature da muke ɗakin bincike ɗaya da shi a Gilasgo, mutumin da ya tsaya mini tsayin daka lokacin da nake neman gidan haya, ya roƙe ni in shiga cikin abokan ango. Na amsa da farin ciki, sai daga baya ya ƙara da cewa dukkanmu kilti za mu ɗaura, na tatan ɗin danginsu na MacKenzie, wato yadi mai zanen gida-gida da aka san dangin da shi. Abin da muke kira anko ke nan a gida, sai dai su nasu yana da tarihin dangi a bayansa. Na rubuta wannan ne domin wanda ya samu kansa a irin wannan hali ya san akwai mafita mai mutunci, wato wandon tatan da suke rubutawa trews, a baki kuma a ce turuz, ya kuma san inda zai fara.

Wurin farko da muka je shi ne babban shagon hayar kayan biki a tsakiyar gari, inda angon ya riga ya yi mana rajista gaba ɗaya. Kowa aka ba shi lokacinsa. Wani saurayi ya auna ƙuguna a saitin cibiya, ya auna kwankwaso, sannan ya ce in durƙusa a kan gwiwoyina ya auna daga cibiya zuwa kusa da ƙasa. Ya kawo kilti ya ɗaura mini, mai nauyi ƙwarai, don cikakken kilti yadi takwas na ulu ake tattarewa a bayansa. A tsaye, bakinsa ya tsaya a tsakiyar ƙoƙon gwiwa, kuma ya ce haka ƙa'idar take, in ya sauka ƙasa da nan an ɓata shi. Sai na ce ya ba ni kujera. Ina zama, yadin ya ja sama, gwiwa ta fito fili har da wani sashe na cinya. Nan take na san ba zan iya yini a haka cikin jama'a ba. Mun taso da sanin cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma ranar bikin azahar da la'asar da magariba duk a can za su riske ni. Na san akwai Musulmi a nan da suke ɗaura kilti, wasu su saka dogon gajeren wando a ciki, ban kuma ce sun yi laifi ba. Ni dai zuciyata ba ta natsu ba.

Na tambayi saurayin ko akwai wani abu da zai rufe ƙafa. Ya ce akwai wandon tatan na haya, ya shiga ciki ya fito da kala biyu, ɗaya Black Watch mai duhun kore da shuɗi da baƙi, ɗaya kuma toka-toka. Na MacKenzie babu, kuma ba za su ɗinka don haya ba. Na gwada Black Watch ɗin. Yankan wandon ofis ne, ƙugunsa a ƙasa, kwat ɗin da aka zaɓa mana kuwa Prince Charlie ce, gajeriya da ke tsayawa a ƙugu ta gaba. Farar riga ta leƙo tsakanin falmaran da wando, abin bai yi kyan gani ba ko kaɗan. Na yi masa godiya, na ce ya dakata da rubuta sunana a jerin masu kilti. Kuɗin hayar cikakken kaya a lokacin fam 95 ne, har da safa da takalmi da jakar fatar da ake ratayawa a gaba da 'yar wuƙar da ake sokewa a safa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne gaya wa angon, don ba na son ya ɗauka raina al'adarsu na yi. Na same shi a wurin shan shayi na ce masa, "Abokina, ina son in tsaya a bayanka ranar nan, amma addinina bai ba ni damar bayyana cinya ba. Akwai yadda za a yi?" Bai ko yi jinkiri ba ya ce kakansa ma turuz zai saka, don tun da ya tsufa sanyi ya hana shi kilti, kuma babu wanda ya taɓa cewa bai yi shigar gargajiya ba. Da daddare mahaifiyarsa ta aiko masa da sunan wata tsohuwar tela da ke ɗinka wa mijinta kaya, ta ce in je wurinta, kada in ɓata lokaci a manyan shaguna. Na kuma kira wani malaminmu a Zariya na karanta masa komai. Ya ce, "In dai wandon ya suturta ka, bai kuma matse har ya siffanta jiki ba, ai tufafin mutanen gari ne kawai." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka zan gaya wa telar."

Shagon telar ƙarami ne, a hawa na biyu, sai an yi waya an sa rana kafin a je. Kafin ta taɓa tef ɗin awo sai ta ɗauko wasu littattafai masu kauri cike da ƙyallaye, ta buɗe shafin MacKenzie. A nan na gane cewa sunan dangi kaɗai bai isa ba. Zane ɗaya ne, gida-gida na kore da shuɗi da baƙi da siraran layukan fari da ja, amma rininsa kala-kala ne: akwai na zamani mai duhu sosai, akwai wanda suke kira na dauri mai haske kamar ya ɗan koɗe, akwai mai launin ƙasa-ƙasa. Bugu da ƙari kowace masaƙa da irin nata rinin da faɗin gidan zanen. Ta nuna mini ƙyallen Lochcarron da ke Selkirk kusa da na House of Edgar da ke Perth, dukansu MacKenzie na zamani, amma da ta kai su bakin taga sai ga shi korensu ya bambanta. Ta ce in muka tsaya a jere don hoto, idon kowa zai kama wannan bambancin. Don haka ta tura ni in tambayo shagon haya masaƙar da ta saƙa kiltocinsu da kuma irin rinin. Nan na sha jira, don wanda ya ɗauki waya bai sani ba, aka ce manaja zai kira, bai kira ba, sai da angon ya taka da ƙafarsa ya karanto abin da ke rubuce a cikin kiltin.

Da na koma da amsa muka shiga maganar nauyin yadi. Suna auna shi da oza: 16 shi ne mai nauyi da aka fi yin kilti da shi, 13 matsakaici, 10 ko 11 mara nauyi. Ta ba ni shawarar 13. Ta ce mai nauyin zai dame ni da zafi a cikin zauren rawa, mara nauyin kuma yakan yi gwiwa da wuri. Akwai kuma na roba-roba da ake sayarwa ɗinkakke a shagunan 'yan yawon buɗe ido, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ulu ba, ana iya wanke shi a gida. Ga wanda liyafar dare ɗaya kawai zai je, ba laifi. Amma a gefen kilti na ulu yana ƙyalli, kuma da wuya a samu zanen wani dangi takamaimai.

Yayin da take aunawa take ba ni tarihi, da jin muryarta ka san abin yana ranta. Ta ce mutane da yawa suna ɗauka turuz abin maleji ne ga wanda ya kasa ɗaura kilti, alhali tsofaffin sarakunan dangi na tsaunuka shi suke sakawa in za su hau doki, a lokacin ma matsattse ne tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Dokar 1746 da gwamnatin Birtaniya ta kafa bayan yaƙin Culloden, wadda ta haramta tufafin mutanen tsaunuka, ta ambaci turuz tare da kilti, ba a kuma soke ta ba sai 1782. Daga 1881 rundunonin sojan kudancin Sikotlan irin su Royal Scots da King's Own Scottish Borderers da Cameronians wandon tatan ne ya zama kakinsu, har zuwa lokacin da aka rushe su ko aka haɗe su da wasu. Har ma ta ce rundunar Highland Light Infantry, wadda aka fi dangantawa da Gilasgo, turuz na MacKenzie ta daɗe tana sakawa, wato daidai abin da za ta ɗinka mini. Wannan magana ta kwantar mini da hankali fiye da yadda ta sani. Na fito daga tunanin cewa alfarma ake yi mini.

Awon kansa ya bambanta da wanda muka saba. Ta ɗora tef can sama da cibiya, kusa da haƙarƙari, ta ce nan ƙugun zai zauna. Yankan soja ke nan: gaba ya hau sama, baya ya fi shi hawa ya rabu biyu kamar wutsiyar kifi, babu gidan bel, sai maɓallai shida a ciki na madaurin kafaɗa. Da wannan yankan ne gajeriyar kwat ke rufe ƙugu ba tare da riga ta leƙo ba. Ta tambaye ni ko ina son ɗinki a gefen ƙafa. A tsohon salon soja, kowace ƙafa da ƙyalle ɗaya ake yanka ta, ɗinkin yana ciki, don zanen ya zagaye ƙafa bai yanke ba. Ya fi kyau, amma ya fi cin yadi, kuma aljihun gefe ba ya samuwa yadda aka saba. Na zaɓi wannan, ta yi mini aljihu ta sama. Sannan na yi mata bayanin salla. Na nuna mata ruku'u da sujada da zaman tahiya a kan kafet ɗin shagon, ita kuma ta tsaya da tef a wuya tana kallon inda wandon jikina yake ɗamewa. Ta ƙara faɗi a cinya da hantsa, ta ce za ta sa shafi daga ƙugu zuwa gwiwa don ulu yana ƙaiƙayi, ta kuma bar bakin ƙafar da ɗan faɗi yadda zan iya naɗe shi in yi alwala. Kan tsawo mun ɗan yi ciniki. Ita tana son ya kwanta a kan takalmi, ni kuma ba na son ya ja ƙasa. Muka tsaya a kan ya taɓa saman takalmi kawai.

Kuɗin ɗinki da yadi ya kama fam 260. Na ba da rabi kafin alƙalami, ta rubuta mini rasit mai ɗauke da sunan tatan, da masaƙa, da irin rini, da nauyi, da ranar biki. Ta ce in ba ta mako shida zuwa takwas. Babu wata takarda da aka nema daga gare ni, ba kuma wanda ya tambaye ni shaidar dangi. Na yi wannan tambayar da kaina, don ina tsoron kada in saka abin da ba ni da hakki a kansa. Ta ce babu dokar da ta hana kowa saka tatan ɗin wani dangi, al'ada ce kawai ta girmamawa, kuma wanda ango ya gayyata cikin tawagarsa ya riga ya samu izini. Kaɗan ne aka keɓe, irin Balmoral na gidan sarautar Birtaniya. Wanda ba shi da alaƙa da kowane dangi yana iya ɗaukar Black Watch ko Royal Stewart, ko na jami'arsa, ko na yankin da yake zaune. Akwai ma tatan na Musulmin Sikotlan da Dokta Azeem Ibrahim ya ƙaddamar a 2012, mai shuɗi da kore, da fararen layuka biyar na shika-shikan Musulunci da layukan ruwan zinare shida na rukunan imani. Duk waɗannan ana iya duba su kyauta a intanet a rajistar tatan ta ƙasa, Scottish Register of Tartans, wadda ta fara aiki a 2009.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya so ya tayar mini da hankali. Muna tsakiyar lokacin da ta ɗiba sai ta kira ta ce yadin mai oza 13 ya ƙare a masaƙa, sai an sake saƙa wani. Lokacin bazara ne, kakar bukukuwa, kowa yana layi. Ta ba ni zaɓi: ko in jira, ko in karɓi mai oza 16 da ke ƙasa. Da yake mun fara da wuri, akwai sauran sarari, sai na ce a jira. Duk da haka na riƙa duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, ina lissafin abin da zan yi in bai iso ba. Da yadin ya zo ta yanka ta harhaɗa, ta kira ni gwaji tun ba a gama ba, farin zaren kafi yana ko'ina. Ta sa ni in zo da takalmin da zan saka ranar. Ta tsugunna ta daidaita jan layin nan ya bi tsakiyar kowace ƙafa daidai kan karin guga, sannan ta duba layukan kwance na ƙafar dama da hagu ko sun haɗu a gaba. Ta ce da wannan ake gane ɗinkin kirki, in ka ga layuka sun saɓa a wurin zif to an yi ganganci. Na sake yin sujada a gabanta, ta ɗan saki baya, ta maƙala allurai a bakin ƙafa. Mako na gaba na karɓa na cika kuɗi.

Sauran kaya na koma shagon farko. Kwat da falmaran da farar riga kawai na ɗauka, fam 55, da ƙaramin kuɗi na inshora ko da wani abu zai zube a kai. Mai turuz ba ya rataya jakar gaba, ba ya soke wuƙa, ba ya bukatar doguwar safa ko takalmin nan mai igiya har ƙwauri. Baƙin takalmi mai sheƙi ya wadatar. Madaurin kafaɗa na saya fam 20, mai maɓalli, don mai maƙata yana cin ulu. Na kuma duba ƙaramin nakatayen da suka ba ni, na tarar na siliki ne, na nemi a canja mini da wanda ba siliki ba, suka canja ba tare da gardama ba. An karɓi kayan ranar Alhamis, a mayar Litinin, in ka makara akwai tara. Ku gwada komai a shagon tare da wandon kafin ku fita. Falmaran ɗin da aka fara ba ni gajere ne, maɓallan ƙugu suna leƙowa, sai da aka kawo wanda ya fi shi tsawo.

An yi bikin a gaɓar tabkin Lomond cikin watan Agusta. Mai busa algaitarsu mai jaka yana gaba, muna biye. Ni da kakan ango ne kawai masu wando, sai mai hoto ya sa mu a gefe da gefen layi, abin ya fito kamar da gangan aka tsara. Tsohon ya kama yadin cinyata ya murza tsakanin yatsunsa, ya juya ni ya dubi bayan, ya tambayi wadda ta ɗinka. Da na faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya ce ya san hannunta. Da yamma ta yi iska ta kwanta, ƙananan ƙwarin nan masu cizo na yammacin Sikotlan suka fito daga ciyawa, masu kilti suka koma ciki da gudu suna susar gwiwa. Na yi sallolina a wani ƙaramin ɗaki da masu otal suka ba ni, wandon bai takura ni ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya da ya kamata a sani shi ne shiga bayi: dole sai ka cire kwat da falmaran kafin ka sauke madaurin kafaɗa, don haka a nemi bayin da ke da maratayi, a kuma ba wa kai isasshen lokaci kafin a kira hoto.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ya fara da yi wa mai gayyata magana a fili tun ranar farko, kafin a biya kuɗin haya da sunansa. Ya ware aƙalla wata uku in bikin na bazara ne. Kada ya je wurin tela sai da sunan tatan da masaƙa da irin rini a rubuce, in da hali ma da ƙyalle a hannu. Ya tambayi irin kwat ɗin da za a saka, don ita ce ke yanke hukunci kan ƙugu: Prince Charlie sai mai dogon ƙugu, Argyll ko kwat ta tuwid, wani ulu mai kaushi, kuwa sun fi tsawo, suna iya tafiya da yankan da aka saba. In aljihu bai kai ba, ya tambayi ango ko zai yarda da Black Watch na haya, tunda MacKenzie da Gordon da wasu da dama a kan zanensa aka gina su, ba za su yi faɗa da juna a hoto ba. Jimillar abin da na kashe ya haura fam 330, ya ninka kuɗin haya fiye da sau uku, amma wandon nawa ne, na kuma sake saka shi a Daren Burns na sashenmu da ranar yaye mu. Ba a jefa shi a injin wanki, sai a kai wa masu wankin kwat. In za a yi guga a shimfiɗa ƙyalle mai ɗanshi a kai tukuna, a kuma rataye shi ta bakin ƙafa cikin jakar kaya mai zif, don asu yana son ulu, tsofaffin gidajen Gilasgo kuma ba sa rabuwa da shi.